Godiya bayan dawowata daga baje kolin Propak a Legas

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdu lillahi, na dawo Kano lafiya daga baje kolin Propak West Africa, wanda ake yi a watan Satumba a Landmark Centre da ke Victoria Island a Legas. Tun da na sauka wayata ba ta huta ba, daga masu yi mini barka da dawowa sai masu tambayar me na gano. Shi ya sa na ga gara in rubuta a nan, in gode wa waɗanda suka tsaya mini, labarin kuma ya isa ga kowa a lokaci guda.

Ga wanda bai san sana'armu ba, tishu muke yi a wani ɗan shago a Sharaɗa. Mukan sayo jambo rol, wato ƙaton naɗin takardar tishu, mu ɗora a inji ya warware shi ya sake naɗe shi a jikin kwalin tsakiya, ya buga masa ado, ya huda layin da ake yagewa. Daga nan zarto ya yanka, 'yan mata su sa a leda su liƙe, a kai kasuwar Singa da Sabon Gari. Baje kolin kuwa na masu injinan shirya kaya ne da leda da kwali da buga tambari da sarrafa abinci. Mu 'yan tishu da audugar mata da famfas muna raɓe ne a gefe, amma babu ɗayanmu da zai sayar da ko ƙulli guda ba tare da leda da kwali ba.

Godiyata ta farko ga maigidana. Abban yara, kai ka ce in tafi a lokacin da ni kaina nake ta lissafin kuɗin jirgi ina ja da baya, kai kuma ka riƙe gida da kai yara makaranta. Allah ya ƙara buɗi, ya bar mu tare. Inna, na san ba ki so tafiyar ba, amma kika sa albarka. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

Sai Yayata ta Obalende da maigidanta, waɗanda suka sauke ni. Yaya, abin da kika yi mini a daren da na iso ba zan manta ba. Na taho da katan-katan na samfurin kayanmu don in nuna wa masu leda girman da nake so a yanka mini. Tsakanin filin jirgi da gida aka tsuge da ruwan Legas, but ɗin motar kuwa ashe yana yoyo. Kowa ya san abin da ke tsakanin tishu da ruwa. Da muka buɗe, na ƙasa duk sun kumbura sun zama kamar tuwon da ya kwana. Na zauna a bakin gado na rasa ta cewa. Ke kika shimfiɗa tabarma a falo, kika tara yaranki, aka zazzage komai, ana tsince masu rai ana jera su gaban fanka, har dare ya raba. Da safe maigidanki ya samo sabon katan a wajen wani ɗan uwa mai shago, ya ƙi karɓar ko sisi. Da abin da muka tsira da shi na shiga zauren, kuma ya wadatar. Allah ya bar zumunci, ya raya muku zuri'a.

A cikin zauren akwai mutum guda da shawararsa kaɗai ta kai darajar kuɗin tafiyata kaf, ko da yake bai sani ba. Wani dattijon injiniya ne a rumfar masu injin naɗe takarda. Na daɗe ina fama da korafin 'yan kasuwa cewa tishunmu ba ya yagewa a kan layi, sai ya tsage a karkace, kuma abin ya fi tsanani da hunturu. Na miƙa masa rol guda. Ya warware kamar kamu biyu, ya ɗaga shi saitin fitila, ya nuna mini da farce: hujin gefen dama ya fita tsaf, na hagu kuwa da ƙyar ya taɓa takardar. Ya ce wuƙar hudawar ce ba ta zauna daidai da abokiyarta ba, gefe guda ya ci. Ya buɗe murfin injinsu ya nuna mini ƙusoshin da ake saitawa da su, ya ce a riƙa juyawa kaɗan-kaɗan ana gwadawa, kada a ɗaure gaba ɗaya. Da na ce masa daga Kano nake, sai ya ƙara da cewa busasshiyar iska tana sa takarda ta yi ƙarfi ta riƙa ƙura, don haka kada mu kware ledar jambo rol sai za a ɗora shi, kuma mu rage jan injin a lokacin sanyi. Ya san ba injinsa zan saya ba, na gaya masa tun farko, amma bai yi mini rowar sani ba. Allah ya saka masa da alheri a duk inda yake.

Na gode wa 'yar ƙanwata mai karatu a Legas, wadda ta yi mini rajista ta intanet, ta kuma tsaya mini tafinta a wuraren da Turancin baƙin ya fi ƙarfin kunnena. Akwai 'yan Indiya da Chaina da Turkiyya, kowa da irin harshensa. Ɗiyata, Allah ya ba ki sa'ar jarrabawa.

Abin da na fi ji ana tattaunawa shi ne tsadar aiki. Tun da aka saki naira kasuwa ta riƙa yanke darajarta a watan Yunin 2023 duk abin da ake shigowa da shi ya tashi, daga ɗanyen kayan yin takarda har kayan gyaran inji. A Afrilun 2024 kuma aka kai kuɗin wutar rukunin Band A, wato waɗanda suka fi samun wuta, naira 225 kowane yunit. Manyan ma sun ji a jikinsu: Procter & Gamble masu Pampers sun sanar da daina sarrafa kaya a Najeriya a ƙarshen 2023, Kimberly-Clark masu Huggies suka bi baya a 2024 da masana'antarsu ta Ikorodu. Wasu na ganin wannan abin tsoro ne. Ni dai abin da na gani shi ne jarirai ba su daina zuwa duniya ba, mata ba su daina buƙatar auduga ba, kuma wani ne zai cike gurbin. Sai maganar leda. Jihar Legas ta hana robar tekawe ta kumfa tun Janairun 2024, ta kuma fara aiwatar da dokar hana robobin amfani sau ɗaya a Yulin 2025, shi ya sa rumfunan masu jakar takarda da kwalin abinci suka cika maƙil. Ko ba jima ko ba daɗe zancen zai iso mana nan, gara mu fara tambayar farashi tun yanzu.

Abu guda ya tsaya mini a rai. Na zaga zauren ciki da bai, 'yan Arewa da na haɗu da su ba su taka kara sun karya ba, mata kuwa sai ka lalubo. Alhali Sharaɗa da Bompai da Challawa cike suke da masu buga leda da masu fiyawota da masu ƙulla garin kunu da yaji. Ba lallai sai mai niyyar sayen inji ba. Ni ma ban sayo ba, amma na samo masu buga tambari a leda da suka yarda su yi mini ƙaramin oda, abin da na daɗe ina nema. Wani a can ya ce mini in ina son ganin uwar injinan tishu sai garin Lucca na Italiya, inda ake baje kolin masu sarrafa takarda mai suna MIAC a Oktoba. Na yi dariya na ce a bari tukuna in fanshe kuɗin Legas.

Ma'aikatana na shago, ku ne ƙashin bayan tafiyar nan. Malam mai kula da inji, na ji yadda ka kwana kan janareta don kada odar otal ta makara. 'Yan matan liƙi, na duba littafi, ban sami gibin ko leda ɗaya ba. Tukuicinku yana nan tafe ƙarshen wata in sha Allah. Alhajin Singa da ya biya ni kuɗin kaya kafin lokaci don in sami guzuri, ranka ya daɗe, Allah ya ji ƙan mahaifa. Matan adashinmu da suka yarda na ɗauki kwasar da ba tawa ba, Allah ya bar mu tare.

Na taho da kundayen kamfanoni da katunan lambobin wayarsu masu yawa. Duk 'yar uwa ko ɗan uwa mai sana'ar da ke buƙatar leda, kwali ko injin liƙi, ya zo shago ranar Asabar bayan la'asar ya duba ya ɗauki hoto, kyauta ne. Masu odar da ta ɗan yi jinkiri kuma ku ƙara haƙuri, gobe za mu kwance wuƙar mu saita, ranar Litinin kaya za su fara fita da yardar Allah.

Na gode, na gode. Allah ya saka wa kowa da alheri.