Lamba ɗaya, mutum biyu: yadda rabon teburin masu shiga ya ba mu wahala

Manhajar makaranta ce a kan intanet, kuma mutane iri uku ne ke shiga cikinta: malamai, iyaye da ma'aikatan ofis. Tun farko aka tsara cewa kowane rukuni yana da teburinsa, wato jerin bayanan mutanensa, a rumbun bayanai, da shafin shigarsa, da kalmomin sirrinsa. A ido abin ya yi tsaf. Malami yana da darasi da aji, uba yana da 'ya'ya, to me zai haɗa su a wuri guda?

Idan mutum ya shiga, sabar, wato kwamfutar da manhajar ke gudana a kanta, tana ba shi tikitin JWT, ɗan rubutun shaida da burauzarsa ke aikawa da kowace buƙata, a ciki akwai lambarsa da lokacin ƙarewar tikitin, an sa hannu da mabuɗi ɗaya. Nan ne gizo ke saƙa. Kowane teburi yana ƙirga lambobinsa daga 1, don haka akwai malama mai lamba 14, akwai kuma uba mai lamba 14, mutane biyu da ba su taɓa sanin juna ba. Tikitin bai faɗi teburin da lambar ta fito ba. Ƙofar iyaye, wato sashen sabar da ke amsa buƙatun shafin iyaye, tana duba sa hannu, ta ga sahihi ne, ta ɗauki 14 ta nemo shi a teburin iyaye, shi ke nan.

Ba gwajinmu ne ya tono wannan ba. Wata malama ce da ɗanta ke karatu a makarantar. Ta shiga a matsayin malama, sannan ta buɗe shafin iyaye a burauza ɗaya, burauzar ta aika tikitin da ke ajiye, sai ga sakamakon jarrabawar 'ya'yan wani gida, har da bayanan da malamai suka rubuta kan halinsu. Allah ya sa mai amana ce, ta sanar da ofis nan take. Har yau idan na tuna cewa duk malamin da ya buɗe wannan shafi zai iya ganin haka, sai gabana ya faɗi. Babu wanda ya fasa kalmar sirri, babu wanda ya ƙirƙiri tikitin bogi. Komai ya yi aiki yadda aka rubuta shi.

Toshe ramin bai ɗauki lokaci ba: muka ƙara rukunin mutum a cikin tikiti, kowace ƙofa ta riƙa ƙin tikitin da ba nata ba, muka sauya mabuɗin sa hannu domin tsofaffin tikiti su mutu. Amma malamar nan ta bar mu da tambayar da faci ba ya amsawa. Mutum ɗaya ce, me ya sa take da asusu biyu da kalmar sirri biyu? Gobe ma'aikacin ofis zai fara koyar da darasi, jibi malama za ta zama mataimakiyar shugaba. Matsayi yana sauyawa, yana kuma haɗuwa, mutumin dai shi ne shi.

Saboda haka muka koma teburi ɗaya na masu amfani: imel, kalmar sirri da lamba guda tak. Matsayi ya samu teburinsa, mutum yana iya riƙe biyu ko uku, bayanan da suka keɓanta da malami ko uba kuwa suka koma ƙananan tebura masu nuni zuwa ga wannan lamba. Faɗinsa daɗi, yinsa kuwa sai wanda ya gani. Duk inda tsohuwar lamba ta bayyana, a makin jarrabawa, a rajistar aji, a saƙonni, sai an gano daga wane teburi ta fito kafin a ba ta sabuwa. Sannan ga masu imel ɗaya a tebura biyu. Da bcrypt, tsarin da ke rikiɗa kalmar sirri ta yadda ba a iya karanto ta, aka ajiye kalmomin sirrin, kuma yana gauraya kowace da gishirinta, wato wasu haruffan da ya zaɓo mata ita kaɗai, don haka ba ka iya kwatanta biyu ka ce iri ɗaya ne. Dole muka tura wa dukkansu saƙo su saka sabuwa, muka sha ƙorafi daga mutanen da ba su san laifin da suka yi ba. A nan na gane dalilin da takardun Django, wani tsarin gina manhajojin intanet, ke nanata cewa ka tsayar da fasalin mai amfani tun farkon aiki, domin sauya shi a tsakiya babban ciwon kai ne.

Da muka haɗe tebura, wasu daga cikinmu sun so a cusa jerin matsayin mutum a cikin tikiti don rage wa rumbun bayanai aiki. Na ƙi. Tikitin JWT ba ya sauyawa bayan an ba da shi, wanda aka sauke daga muƙami zai ci gaba da ikonsa har tikitin ya ƙare. Yanzu sabar tana karanto matsayin daga rumbu a kowace buƙata. Tambaya ce ƙarama, ban ga nauyin da ta ƙara ba. Abin da ke cikin tikitin ma ba a ɓoye yake ba, kowa na iya warware shi ya karanta, sa hannun kawai ke hana a sauya shi.

Matsayi kansa bai isa ba, kuma wannan ma daga lamba 14 na koye shi. Kasancewarka uba ba ya nufin kowane yaro naka ne. Idan ƙofar ta tsaya a "uba ne?", sai mutum ya sauya lambar ɗalibi a adireshin shafi ya ga na maƙwabcinsa. Ɓoye maɓalli a fuskar shafi ba tsaro ba ne, sabar ce za ta tambaya ko wannan yaron na wannan uban ne, ta mayar da amsar 403, wato an hana, idan ba nasa ba, 401 kuwa ga wanda bai shiga ba sam. Ba banza ba OWASP, ƙungiyar da ke aiki kan tsaron manhajoji, ta sa lalacewar iyakance izini a matsayi na ɗaya a jerinta na manyan haɗurran tsaro na 2021.

Gwaje-gwajenmu na da duk tambaya ɗaya suke yi: shin malami yana iya buɗe shafin malamai? Yanzu kowace ƙofa ana buga ta da tikitin kowane matsayi, da na uban da yaron ba nasa ba, da na mai matsayi biyu, kuma ƙofar da ba a rubuta mata izini ba a rufe take ga kowa. Teburin da ke haɗa tsofaffin lambobi da sababbi kuwa yana nan, domin wasu tsofaffin rahotanni sun dogara da shi, kuma babu wanda ya yarda ya goge shi.