Alpha Jet ɗina da wahalar fenti

Wata uku kenan ina kan ɗan ƙaramin samfurin jirgin soja Alpha Jet ɗin nan na roba, sikel 1/72 (wato an rage girman na gaske sau 72), wanda ƙanina ya taho min da shi daga waje. Haɗa shi ko sati biyu bai ci ba, fenti ne ya riƙe ni. Sitikar da ke cikin kwalin ta sojan saman Faransa ce, ni kuwa namu na Najeriya nake so, don tun muna yara a Kawo ta Kaduna muke ɗaga kai in jirgin horo ya taso daga wajen Mando.

Na ɗauka abu ne mai sauƙi, kore da ruwan ƙasa sai tambarin nan zagayayye kore-fari-kore. Hoto ɗaya na sauke a waya na haɗa kala na fesa, da ya bushe sai ga shi fari fat kamar ya kwana a toka, ashe cikin hunturu aka ɗauki hoton, hazo ya cinye kalar. Abin ya min ciwo wallahi.

Wani dattijo a masallacinmu, tsohon makanikin jiragen soja, ya karɓa ya jujjuya shi a hannu ya ce, "Yaro, wanne ka yi, kuma na wace shekara?" Na ce Baba ai duk ɗaya ne. Ya ce ina! Guda 24 da aka sayo farkon shekarun 1980 hancinsu a dunƙule yake irin na Faransa, waɗanda aka ƙaro wajen 2015 kuwa tsofaffin na Jamus ne masu hanci tsini, ga shi in jirgi ya shiga babban gyara akan sake masa fenti. Ya ce in zaɓi lambar jirgi ɗaya, shekara ɗaya, in riƙa duba inda rana ba ta duka sosai kamar inuwar fiffike, don bayan jirgi shi ke fara koɗewa.

Daga nan na gane amfanin lambobin kala, RAL na Jamus da FS 595 na Amurka, da su ake nemo makamancinsu a kwalaben fentin kamfanin Tamiya ko Humbrol. Yanzu sai na gwada a bayan cokalin roba na fita da shi tsakar gida da hantsi, hasken kwan ɗaki ruɗi ne. Nakan ɗiga fari kaɗan, don kala takan yi duhu a ƙaramin abu.

Don Allah kar wanda ya je bakin barikin soja da kyamara, hotunan da rundunar ta fitar da kanta sun wadatar. Guda 7 na tara na jirgi ɗaya, na kankare fentin farko, jiya na yi shafi na biyu. Saura lambar jikinsa, ita da hannu zan yanka a tef.