Walia bayan janyewar ruwa

Yau ni da Yaya muka tsallaka zuwa Walia, unguwarmu a Injamena babban birnin Chadi, mu duba gida bayan ambaliya. Inna ta so ta biyo mu, muka lallashe ta ta zauna da yara a tantinmu na Tukura, inda aka tsugunar da waɗanda ruwa ya kora. Akwai lungunan da har yanzu sai da kwalekwale, amma layinmu ya tsane, sai caɓi mai wari da ke riƙe takalmi.

Ruwa ya bar shaida a bango daidai ƙirjina. Ɗakin bulo yana tsaye. Na Inna kuwa, na tubalin ƙasa, ya jure duk makonnin da ruwa ya kwanta a ciki, sai da ya janye gindin ginin ya saki, bango ya kife kan gado. Baba maƙwabcinmu, wanda magini ne, ya sa yatsa a tubalin ɗakin girki, yatsan ya nutse. Ya ce, "'Ya'yana, kada wanda ya kwana a nan. Bayan ya bushe, cikin nan danye ne." Wannan ne ke damuna, domin na ga mutane suna dawowa da tabarmi da jarirai, sanyin Disamba ya kore su daga tanti.

Abin da baƙo ba ya ganewa shi ne, ba ruwan saman Injamena ne ya ci mu ba. Damina ta riga ta ɗauke. Kogin Shari ya kwaso nasa tun daga Afirka ta Tsakiya, kogin Logon daga tsaunukan Adamawa na Kamaru, suka haɗu a bakin birnin nan, mu kuma muna zaune a tsakaninsu. Ran 19 ga Oktoban 2022 Shugaba Mahamat Idriss Déby ya kafa dokar ta-ɓaci, ambaliyar ta shafi mutum sama da miliyan ɗaya a faɗin Chadi. Mun tara buhunan yashi dare da rana, ruwan ya ɓullo ta bayanmu.

Da azahar muka buɗe rijiya. Ruwan ya yi baƙi, ya gauraya da na salga. Ba sha ba alwala. Muka sayi jarka biyu wurin mai kura, muka ɗiga jabel, wato bilic mai kashe ƙwayoyin cuta. Gero ya tsiro a cikin buhu, sai zubarwa. Takardun makarantar ƙanwata sun manne da juna, na ɗauko su a haka ko za su rabu in sun sha rana.

Mai shayin bakin layi ya sake hura wuta, mai gyaran babur ma ya baje kayansa a kan buhu. Na ji daɗin ganinsu ƙwarai. Bayan la'asar mazan layi suka zauna a ƙofar masallaci, aka yanke cewa gobe za a fara yashe rijiyoyi gida-gida, a soma da na gwauraye da tsofaffi. Mu aka ba mu jibi. Yaya zai aro injin jan ruwa a unguwar Shagwa, ni kuma in nemo kuɗin mai.