Ranar da BIOS ɗin Hajiya ya mutu a hannuna

Asabar da ta wuce na miƙa makullin shago, bayan shekara huɗu ina gyaran kwamfuta a Wadata. Yaran da na bari can sun ce in rubuta musu shawara. To, sai na fara da abin da har yau yake ci mini rai.

Watan Satumba 2023 ne, lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Yamai na samun kuran unguwa-unguwa. Wata Hajiya mai shagon buga takardu ta kawo kwamfutarta ta tebur, wai ta yi nauyi. Garanti ya daɗe da ƙarewa. Ƙura ce kawai ta toshe fanka, na hure, inji ya dawo garas. Maigida ya leƙo ya ce, "Sabunta mata BIOS, mu ƙara jikka biyar a kuɗin aiki." Na ce, "Maigida, lafiyarta lau, kuma batirin ondilarmu, mai riƙe wuta in kuran ya ɗauke, ya mutu." Ya ce, "Ni na koya maka aiki ko kai ka koya mini?" Na sa kilen USB na danna. Ana tsakiyar rubutu kuran ya ɗauke.

Kun san inda BIOS yake, cikin ɗan guntun nan mai ƙafa takwas a jikin babban allo, shi ke tada inji tun Windows bai farka ba. Sabuntawa kuwa goge tsoho ne a rubuta sabo. Wuta ta katse a tsakani, ba tsoho ba sabo. Fanka na juyawa, fuskar kwamfuta baƙa ƙirin.

Da Hajiya ta dawo, a gabana ya ce mata, "Yaron ne ya yi karambani." Ya zare jikka ashirin daga albashina. Kwana uku na yi, na aro CH341A, ɗan injin rubuta irin wannan guntu, da ɗan matsinsa, na nemo fayil ɗin da ya dace, na sake rubuta guntun da hannuna. Inji ya tashi. Kuɗina ba su dawo ba, ko sannu ban samu ba.

Ƙarewar garanti ba ta hana sabuntawa. HP, Dell da Lenovo duk suna ajiye fayilolin kyauta a shafukansu. Abin da ya canza shi ne, in ta ɓaci babu mai karɓa, aljihun ƙarami ake lalubawa. Saboda haka sai da dalili: ramin tsaro irin Spectre na 2018, ko wata matsala da kamfanin ya ce sabon ya gyara. In babu, ku bar inji ya yi aikinsa.

Ku duba lambar samfuri sau biyu. Ku adana mabuɗin BitLocker, wato makullin da Windows ke kulle bayanai da shi, tukuna. Ba ondila, ba dannawa. Wanda ya ce a yi, ya rubuta a takardar aiki da sunansa.

Hajiya ta gano gaskiya daga baya, ba daga bakina ba. Kwamfutocinta uku yanzu gida take aiko mini da su, a Talladje.