Tarihin Rayuwata, Kashi na 19: Zumunta a Ƙafa Take

Makon jiya na tsaya ne a tarewarmu gidan unguwar Cheetham Hill da ke Manchester, na ce yau zan kawo labarin haihuwar 'yan biyu. Ku yi mini afuwa, wannan sai wani makon. Shekaranjiya na zauna ina rage wa wayata kaya, hotunan biki da na suna sun cika ta, sai ga wata manhaja can ƙarshe da na manta da ita, GoodSAM, wadda na yi aikin sa-kai da ita lokacin korona. Na ɗora yatsa zan goge, na kasa. Tun daga lokacin maganar Yaya Babba take ta kai-komo a kaina, har a kan sallaya, kuma na san in ban sauke ta ba babu abin da zan iya rubutawa.

"Zumunta a ƙafa take, Auta, ba a waya ba." Abin da ya ce ke nan.

Rabin farko na maganar ba nasa ba ne, na Inna ne, Allah Ya jiƙanta. Duk wanda ya san gidanmu na Yakasai ya san haka. In ta yafa mayafi za ta barka ko gaisuwar mutuwa, muka ce rana ta take ta bari sai la'asar, sai ta ce zumunta a ƙafa take, ta zura silifas ta fice. Daga Yakasai har Fagge takawa take yi, ba ta shiga mota sai Baba ya matsa. Kuma ban taɓa jin ta faɗi maganar don ta muzanta wani ba. Yaya ne ya yi mata wutsiya, ya mai da ita bulala, ni kaɗai kuma yake zabga wa. Ya faɗa mini a 2018 da na aiko kuɗin gyaran rufin ɗakin Inna, bayan kuɗin sun shiga hannunsa. Ya maimaita ranar sunan 'yarsa ta uku, waya a buɗe, matarsa da ƙannenta suna ji.

Amma wadda ta fi ci mini rai ta lokacin korona ce.

Daren Litinin 23 ga Maris, 2020, Firaminista Boris Johnson ya fito a talabijin ya ce kowa ya zauna a gida. A kwanakin nan aka riƙa aika wasiƙu ga mutum wajen miliyan 1.5 masu larura mai tsanani, irin masu ciwon daji da ke kan magani, da waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, da masu ciwon huhu, aka ce kada su leƙa ko kanti har mako 12. To wa zai yi musu cefane? Ingila ba gida ba ce da za ka leƙa zaure ka ƙwala wa yaro kira. Wani tsohon 'ya'yansa suna Landan, wani nasa suna wata ƙasa, wani ma bai haifa ba. Washegari ministan lafiya Matt Hancock ya ce hukumar lafiya ta NHS tana neman 'yan sa-kai 250,000. Mako bai zagayo ba aka samu 750,000, har aka tsayar da rajista. Ina cikinsu, kuma har gobe ina alfahari da haka.

Abban yara bai so ba. Shi kullum yana asibiti, ya san abin da idonsa yake gani, in ya dawo a bakin ƙofa yake tuɓe kaya kafin yara su zo kusa da shi. Ya ce, "Mutum ɗaya a gidan nan yana shiga wuta bai isa ba?" Na ce ina da mota, ina da lafiya, 'yan biyu sun isa su kula da kansu. Ya yi shiru, daga baya ya kawo mini takunkumi da safar hannu ya ajiye a kan tebur. Amsarsa ke nan.

Yadda abin yake a lokacin, ƙungiyar Royal Voluntary Service ce take kula da 'yan sa-kan. Ka tura hoton katin shaidarka a tantance ka, ka zaɓi irin aikin da za ka iya. Akwai masu cefane da karɓo magani, akwai masu mai da marasa lafiya gida in an sallame su, akwai masu jigilar kayan asibiti, akwai kuma waɗanda aikinsu kawai su kira mai kaɗaici a waya su yi hira da shi. Ita manhajar asalinta ba don cefane aka ƙirƙire ta ba. An yi ta ne don in zuciyar wani ta tsaya a kan titi, a sanar da mai ilmin taimakon gaggawa mafi kusa kafin motar asibiti ta iso. Shi ya sa ƙararta jiniya ce sak. Likita ko mai kantin magani ko ma'aikatan ƙaramar hukuma su shigar da sunan mabuƙaci, manhaja ta duba wa ya kunna alamar yana bakin aiki a kusa, ta buga masa. In ka karɓa sai suna da adireshi da lambar waya su bayyana. An ce mu sa 141 a gaban lambar kafin mu kira, don kada tamu ta fito.

Mun yi yawa, sai na yi kwanaki wayar ba ta ce uffan ba. Ranar da ta fara kuka ina tuƙa tuwo ne, na zabura har muciya ta faɗi.

Tsohuwa ce, shekararta 84, tana zaune ita da kyanwarta a wani ɗan gida da bai fi tafiyar minti biyar a mota daga namu ba. Shekara nawa ina wuce layin ban san da ita ba. Ta karanto mini abin da take so a hankali, kamar mai jin nauyi: madara, burodi, ganyen shayi, ƙwai in an samu, dankalin Turawa, abincin kyanwa gwangwani shida. Daga ƙarshe ta ce da naman alade, irin yankakken nan da suke soyawa da safe.

Na yi shiru har ta ce ko layin ya katse. Gabana ya faɗi, don ban shirya wa wannan ba. Ina iya sakin aikin manhaja ta nemi wani, ina iya cewa ban samu ba, amma ƙarya ce, kuma tsohuwa ce da ta girmi Inna. Sai na gaya mata gaskiya, na ce ni Musulma ce, komai zan kawo mata ban da wannan. Ta ce, "To ki sayo mini kifin gwangwani, likita ma ya daɗe yana yi mini faɗa a kan gishiri." Daga ranar ba ta ƙara saka shi a cefanenta ba, ni ma ban ƙara tayar da zancen ba.

Layin kanti kuwa ya zagaye wurin ajiye motoci, an zana alama a ƙasa kowa mita biyu tsakaninsa da na gabansa. Fulawa babu, taliya babu, ƙwai sai mai rabo. Na samu rabin dozin. Ɗanta da ke Kanada ya saya mata katin cefane irin wanda manyan kantuna suka fito da shi don 'yan sa-kai, saboda kada kuɗi su riƙa yawo hannu da hannu. Na ajiye ledojin a bakin ƙofa, rasit a sama, na ƙwanƙwasa, na ja da baya kamar yadda aka koya mana. Ta buɗe taga maimakon ƙofa. Muka yi minti ashirin muna magana, ni a tsaye cikin sanyi, ita tana riƙe da kyanwa. Ta ce rabonta da ganin fuskar mutum kusa haka ya kusa mako uku.

A cikin kwanakin nan ne aka kulle Kano. Daren 16 ga Afrilu dokar ta fara, ranar 27 ga wata Shugaba Buhari ya ƙara mako biyu, azumi kuma ya riga ya kama tun 24. Kun tuna lokacin, ba sai na faɗa muku yadda dattawa suka riƙa tafiya ba. Duk kiran da na yi wa Inna sai ta lissafa mini: wane ya rasu, wance ta rasu, an kai wane da hantsi. Ita da Goggo ne kawai a gidan, Goggo ba ta gani sosai, Inna gwiwa ta hana ta kaiwa ko zaure. Almajirinta da yake yi mata aike shekara huɗu, shi ke sayo kayan miya, shi ke kai niƙa, yana cikin waɗanda aka kwasa aka mayar garuruwansu. An tafi da shi Jigawa ko sallama ba su yi ba. Inna ta yi kukan yaron nan kamar ita ta haife shi.

Yaya Babba yana da mota, gidansa kuma bai fi minti ashirin ba. Da farko ya ce jami'an tsaro sun tare hanya, na yarda. Da aka sassauta dokar ranakun Litinin da Alhamis don mutane su yi cefane, me ya tare shi? Sau biyu ya zo a duk tsawon azumin. Na ƙirga, Goggo ma ta ƙirga.

Ana haka ɗaya daga cikin 'yan biyu ta ɗauke ni hoto ina fitar da ledoji daga but, ta tura zauren danginmu na WhatsApp, yarinya tana murna da uwarta. Ba a yi awa ɗaya ba sai ga saƙon murya daga Yaya. Ya ce, "Kina can kina yi wa Turawa aike, uwarki tana nan babu mai sayo mata ko tumatir. Zumunta a ƙafa take, Auta, ba a waya ba."

Jama'a, da wace ƙafar zan zo? Tun 23 ga Maris aka hana jiragen ƙasashen waje sauka a Najeriya, ba a buɗe ba sai 5 ga Satumba. Ya sani sarai. Ban ba shi amsa ba, don ba a yi mana tarbiyyar mayar wa babba magana ba, kuma mutum 40 ne a zauren. Babu wanda ya tanka masa, ko Kawu. Wannan shirun nasu ma bai bar ni ba har yau.

Da daddare na kira Inna ina kuka. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Ita tsohuwar tana da 'ya'ya?" Na ce ɗaya, yana Kanada. Ta ce, "Ledar, wayar ce take ɗauka ko ke?" Na ce ni ce. Ta ce, "To share hawayenki. Ki riƙe ta da kyau, kuma ki ce ina gaishe ta." Na isar da gaisuwar ta taga washegari. Tsohuwa ta tambaye ni yadda ake amsawa da Hausa, na koya mata, ta maimaita sau uku har ta iya.

Wanda ya riƙe Inna a azumin nan, 'yar mai ƙosan da ke jikin katangarmu ce, yarinya 'yar shekara 12, marainiya. Ta kan katanga ake miƙo kwanon koko da ƙosai kafin a sha ruwa. Ranar da aka buɗe gari ita ke zuwa kasuwa da 'yar takarda a ƙulle a bakin zani. Da na gane haka na daina bin ta hannun Yaya, na riƙa tura kuɗi wurin mai shagon bakin layi, yarinyar tana karɓowa. Ya ji haushi, ya ce na raina shi. A nan ma sai da ya sake jefo maganar ƙafa.

Wani ɗan ƙanin Abban yara da ya karanta kwamfuta ya taɓa ce mini irin wannan manhaja ba za ta yi aiki a Kano ba, wai tsofaffinmu ba su da manyan wayoyi, gidajen cikin birni kuma kwatance ake yi, bayan masallaci, gida mai darbejiya. Zancen kwatance gaskiyarsa ne. Amma tsohuwata ta Manchester ma ba ta da babbar waya, ta tebur ce da ita mai igiya. Manhajar tana hannuna ne, ita likitanta ne ya shigar da sunanta. Abin da ake buƙata shi ne wani ya san cewa a gidan nan akwai tsohuwa da ba ta iya fita, ya kuma faɗa. A unguwarmu mai unguwa ya sani, liman ya sani, mutanen unguwar duk sun sani. Da a ce an rubuta sunayen an raba wa samarin da ke zaune a dakali, da ba a bar nauyin Inna da Goggo a kan yarinya 'yar shekara 12 ba.

Aike 43 na yi kafin ƙarshen shekarar, ba duka ne masu daɗi ba. Wani dattijo ya balbale ni da faɗa don na sayo ganyen shayin da ba nasa ba. Wata ba cefanen take so ba, mai sauraro take nema. Tsohuwa mai kyanwa kuwa ta daina jiran jiniya, na ba ta lambata, duk Talata nake zuwa.

Da Inna ta rasu a 2022 na samu kwana uku na zaman makoki. Yaya yana ƙofar gida a kan darduma, babbar riga, ana ta yi masa gaisuwa ana cewa ya yi ƙoƙari da tsohuwa. Na shiga cikin gida na tarar da 'yar mai ƙosai a bakin rijiya tana wanke kwanukan sadaka, babu wanda ya ce mata sannu. Na zauna kusa da ita na ja bokiti muka ƙarasa tare. Bana take aji biyu a makarantar koyon aikin jinya, kuɗin makarantar daga hannuna yake fita kai tsaye zuwa hannun uwarta. Yaya bai sani ba, sai dai in ya karanta a nan.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, labarin 'yan biyu da daren da naƙuda ta kama ni cikin dusar ƙanƙara.