Kyanwar da ba ta bi littafi ba

Sakamakon kwas ɗin ilimin sassan jiki ya fito. Na ci, amma da makin da har gobe ban yarda shi ne haƙƙina ba. Tunda babu sauran takardata a hannun kowa, yanzu zan iya furzar da abin da na haɗiye tsawon zango. Masu shigowa bayanmu, ku tsinci abin da zai amfane ku.

Duk wanda ya shiga ɗakin gwajin nan ya san yadda matacciyar kyanwar da ake ba mu mu feɗe take zuwa: cikin leda mai kauri, a sandare, gashi a jiƙe, fomalin, ruwan maganin da ke hana gawa ruɓewa, yana cin ido tun kafin hanci ya gama jin warinsa. An riga an ɗura mata ruwan roba a jijiyoyin jini, ja a masu fita daga zuciya, shuɗi a masu komawa, wani lokaci har da rawaya a jijiyar da ke kai jini daga hanji zuwa hanta. Feɗe fata da raba tsokoki kowa ya yi, ba sai na tsaya a kansu ba. Maganata daga makon ƙoda ta fara.

Mun ture hanji gefe, muka share kitsen bayan ciki da tsinken ƙarfe mai dakusasshen kai, muna bin siririn bututun da ke sauke fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara. Na hagu ya sauka sambal, kamar yadda aka zana. Na dama kuwa, da ya bar ƙoda kaɗan sai ya karkata tsakiya, ya nutse ƙarƙashin babbar jijiyar nan shuɗiya mai mayar da jinin ƙasan jiki zuwa zuciya, ya ɓullo tsakaninta da babbar jijiya ja, ya hau ta samanta, sannan ya gangara mafitsara. Wato ya yi wa jijiyar zobe. Muka bi shi da tsinke daga sama, muka sake binsa daga ƙasa. Babu yanka, babu tsinkewa.

Da murnata na kira malamin da ke kula da aikin hannu. Ya zo, hannuwa a aljihun farar riga, ya leƙa daga tsaye.

"Kun dagula ta," in ji shi.

Na ce, "Malam, ranka ya daɗe, a duba da kyau. Ba mu yanke komai ba. Kansa yana jikin ƙoda, gindinsa yana jikin mafitsara."

"Buɗe littafinka. Haka ka gani a zane?"

"A'a, Malam. Amma haka yake a jikinta."

"To kai za ka koya mini kyanwa?"

Ya ɗauki takardar teburinmu ya rubuta cewa mun yi aikin ganganci, ya wuce. Ko safar hannu bai sa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, wannan zargi ba ya ma buƙatar ilimin likitanci kafin a gane ba ya tsayuwa. Bututu ɗaure ta kai biyu, jijiya ɗaure ta kai biyu. Ta yaya hannun ɗalibi zai zagaya da ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya datse wani ba? Da ya sunkuya na minti guda da ya gani. A rahotona na zana abin da ke kan tebur, na sa kibiya, na yi bayani. Ya dawo mini da shi da jan biro ya ratsa zanen, ya ce in sake shi daidai da littafi in ina son makina. Ban sake ba. Ya zabge makin, ya kuma hana a sa kyanwarmu cikin waɗanda aka soka wa allurai masu lamba ranar jarrabawar aikin hannu, wai ta lalace. Abokan teburina biyu suka sake zanensu, kuma ban ga laifinsu ba, kowa ya san abin da ya baro a gida.

Daga baya na zauna na karanta, sai ga shi abin sananne ne. Tun ɗan tayi yana ciki, babbar jijiyar nan ba guda take farawa ba. Jijiyoyi ne bibbiyu suke fitowa bi da bi, wasu su shanye, wasu su haɗe, har a samu guda ɗaya a dama. A yawancin dabbobi wadda ke wanzuwa tana bayan bututun fitsari. Idan wadda ke gabansa ce ta wanzu, sai bututun ya tsinci kansa a bayan jijiya, dole ya zagayo. Shi ya sa kusan kullum a dama ake ganin abin. A mutane ba kasafai ake samunsa ba, kuma yana iya matse bututun har fitsari ya taru ƙoda ta kumbura. A kyanwoyi kuwa likitocin dabbobi suna cin karo da shi akai-akai, galibi ba tare da ya dami dabbar ba. Wanda zai buɗe cikin mage mai rai wata rana, ai gara ya fara ganin wannan a kan matacciya. Ajinmu gaba ɗaya zai iya kewaye teburin nan ya gani da idonsa. Ba a kira kowa ba.

Ga inda abin ya zama kamar wasa. Shi wannan malamin ne, a ranar farko, ya ba mu labarin Galen, likitan nan na ƙarni na 2 da ya feɗe birai da aladu da shanu, ya rubuta abin da ya gani a matsayin jikin ɗan Adam. Sama da shekara 1,300 ana karanta shi ana gyaɗa kai. A jami'o'in Turai malami yana zaune a kujera mai tsawo yana karanto littafi, wanzami yana ƙasa yana yanka, in gawa ta saɓa wa littafi a ce gawar ce ba daidai ba. Sai da Andreas Vesalius, wanda ya koyar a Padua ta Italiya, ya riƙe aska da hannunsa, ya fitar da littafinsa a 1543, ya nuna cewa muƙamuƙin ƙasa na mutum ƙashi ɗaya ne ba biyu ba, kuma hantarsa ba mai kunne biyar ba ce. Malam ya ba da labarin nan da daɗi, har ya rufe da cewa gani ya kori ji. Muka rubuta. Ban san ya ajiye wa kansa kujerar mai tsawo ba.

Ba ina cewa ku yar da littafi ba. Ba don shi ba da ban ma san bututun ya kauce hanya ba. Zanen littafi tsaka-tsakin kyanwoyi masu yawa ne, taku kuwa guda ce, da nata halin. Kuma ita kanta kyanwar, ga masu shirin karatun lafiyar mutane, aro ce. Haƙarƙarinta 13 ne kowane gefe, namu 12. Ƙasusuwan bayanta na kwankwaso 7 ne, namu 5. Haƙoranta 30, namu 32. Daga lanƙwasar babbar jijiyar zuciya rassa biyu ke tashi a jikinta, a namu uku, kuma wannan ya kayar da mutane da dama a jarrabawa. Ƙashin da ke haɗa kafaɗa da ƙirji, wanda muke shafawa a ƙasan wuyanmu, a wurinta ɗan siriri ne yana yawo cikin tsoka bai jingina da wani ƙashi ba. In ka yi garaje da almakashi za ka zubar da shi cikin shara ba ka sani ba. Tsokar bayan kafaɗa da take guda a jikinmu, a nata kashi uku ce. Mahaifarta mai ƙaho biyu ce dogaye, inda 'ya'ya ke jeruwa. Duk lokacin da ka haddace wani abu a kanta, tambayi kanka ko na mage ka haddace ko na mutum.

Sauran a taƙaice. Aska ta fata ce, da zarar an shiga ciki yatsa da tsinke sun fi ta aiki. Abin da ba ka san sunansa ba, kada ka yanke shi. Ku nannaɗe ta da fatarta da jiƙaƙƙen ƙyalle kafin ku tashi, in ba haka ba tsokoki su bushe su zama igiya. Fomalin ba wari kawai ba ne: tun 2004 hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sinadarin da ke cikinsa a jerin masu jawo sankara, don haka a buɗe taga, a kunna na'urar zuƙe iska, a sa tabarau, ko da mai kula da ku ya ce ragwanci ne. Kada ku bari mutum ɗaya ya zama mai riƙe littafi har ƙarshen zango, ranar jarrabawar allurai babu mai taya shi. Masu ɗaga ƙafarta suna hoto suna dariya, ku bari, rai ne aka cire kafin ta iso gabanku.

In kuma kuka ga abin da ba ya cikin zane, kada ku taɓa shi, kada ku fara kiran mai ba da maki. Ku ɗauki hoto tun kitse bai gama fita ba, ku kira teburin kusa su shaida, ku nemo wani malami na biyu cikin ladabi. Zango mai zuwa ma malamin nan namu ne zai riƙe ajin.