Yadda na fasa ƙaton dutsen da ke bayan ɗakina

Dutsen nan tun da muka tare a gidan yana nan a bayan ɗaki, kansa kawai ya leƙo daga ƙasa kamar bayan kunkuru, ban taɓa damuwa da shi ba sai da na tashi jan bututun ruwa ta wajen na ga shi ne ya tare hanya. Da farko na ɗauka aikin yini ɗaya ne, na aro guduma mai kilo 5 na hau shi da duka tun safe har rana ta take, wallahi abin da na samu kawai farin tabo a samansa da ɓarɓashi da ke tashi yana sukar min ƙwauri, ga tafin hannuna duk ya yi bororo ga kafaɗa na zogi.

Wani dattijo da ya daɗe a harkar fasa dutse shi ya cece ni. Ya zo ya zagaya wajen, ya ɗan ƙwanƙwasa dutsen da ƙarfe ya ce, ɗana ai ƙasa kake ta duka. Na ce Baba kamar yaya? Sai ya nuna min cewa muddin dutse na binne to ƙasar da ke rungume da shi ita ke shanye duk bugun da ka yi, kuma ko ya so tsagewa ba shi da wajen da zai buɗe. Kwana biyu na yi da diga da shebur ina tone gefe da gefe, a nan ne na ga ainihin girmansa, ashe abin da ke waje bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Na auna, tsawo wajen mita 1, faɗi santimita 80, zurfi wajen 60. Giranait ne, wato irin dutsen nan mai tsananin tauri, shi kuma kowace mita kubik ɗinsa tana kai tan 2.7, to ko an cire lanƙwashe-lanƙwashen jikinsa nawa ya kai tan guda, maganar a mirgina shi waje ma ba ta taso ba.

Abin da na fi ƙaruwa da shi a aikin nan gaba ɗaya shi ne sanin inda raunin dutse yake. Dutse yana jure danna da bugu sosai, amma in aka ɓamɓare shi daga ciki ana tura ɓangare biyu suna nesa da juna ba ya iya jurewa, a giranait bambancin ya kai ninki 10 ko fiye. Guduma daga sama danna shi take yi, wato ta inda ya fi ƙarfi kenan nake ta fama da shi. Weji kuwa, wato ƙarfe mai siririn baki da kauri ta sama, shiga ciki yake ya buɗa.

Na wanke dutsen tas da ruwa da buroshi don in ga jijiyoyinsa, akwai wani siririn layi da ya ratsa kusan tsakiya, a kansa na ja alli. Sai huda, nan ne fa aikin yake. Ba ni da injin huda, da cizal mai baki huɗu kamar tauraro na yi, ka buga ka ɗan juya shi ka sake bugawa ka juya, in ka manta ba ka juya ba sai ya maƙale ko ramin ya fito a karkace. Guduma ƙarama mai kilo ɗaya da rabi ta isa, kuma ba da ƙarfi ake yi ba, bugu ne daidai-daidai wanda hannu zai iya ɗauka na tsawon lokaci. Rami na farko ya ci min fiye da awa ɗaya don in kai santimita 10, daga baya da hannuna ya saba ya ragu. Rami shida na yi, tsakanin kowanne wajen santimita 13. Ina zuba ruwa kaɗan a ciki ina kwashe taɓon da waya mai lanƙwasasshen baki, don Allah kar wanda ya sa baki ya hura ramin, ƙurar giranait tana da silika kuma ita ke kawo cutar huhun nan silikosis da ba ta warkewa in ta kama mutum. Ni dai ko da ruwan ban cire takunkumi ba.

Wejin da ake amfani da shi ƙarfe uku ne, siraran ƙarafa biyu masu lanƙwasasshen kai da ake fara zurawa a ramin, sai wejin kansa a tsakiyarsu. A nan na yi kuskuren da ya ɓata min rami guda, na sa ƙarafan ba tare da na lura da inda suke kallo ba, suna tura dutsen ta tsawon layin maimakon su tura shi hagu da dama, ina bugawa sai bakin ramin ya ɓalle ya bar min kwari. Dole na sake huda wani a gefensa. Kowanne sai ya zama bayansa na kallon ɓangaren da kake so ya rabu, kuma ramin ya ɗan fi wejin zurfi, in ba haka ba bakinsa zai taɓa ƙasan ramin kana ta duka ba ya buɗa komai. Ɗan giris a jikin wejin ma yana taimakawa.

Daga nan sai kunne. Ka bugi na ɗaya sau biyu, na biyu sau biyu, har ka kai ƙarshe ka dawo, kar ka zauna a kan guda ɗaya kana ta narka masa. Yayin da suke matsewa ƙararsu tana ƙara siranta tana hawa, wanda ka ji muryarsa ta fi ta sauran kauri shi ne bai kamu ba sai ka ƙara masa. Baba ya ce min in sun yi tsam gaba ɗaya in ajiye guduma in ba dutsen lokaci, gaskiya ban yarda ba da farko amma na zauna, can bayan wasu mintuna sai na ji ƙas, ƙas, a hankali daga ciki, na duba na ga layi siriri kamar gashi ya haɗa rami da rami. Zagaye biyu na ƙara ƙarar ta mutu gaba ɗaya ta koma dum dum, na zura dagi na danna dutsen ya buɗe gida biyu. Har yau in na tuna wannan ƙas ɗin sai na ji daɗi a raina.

Da yawa sun ce in hura masa wuta in watsa ruwa. Tsohuwar dabara ce kuma tana aiki, masu haƙar ma'adinai sun yi ƙarnuka suna yinta, amma nawa yana jikin bangon ɗaki, kuma dutsen da ya sha danshi yana iya tartsatsi ya harba gutsattsari in ya yi zafi, shi ya sa na ƙi.

Abu biyu sun tsorata ni. Kan cizal ɗina ya baje saboda duka, gefensa ya nannaɗe ban kula ba, wata rana ɗan ƙarfe ya ɓalle ya daki gilashin da ke idona har ya bar shaida, da ba na sanye da shi da yanzu wani labari ake. Tun daga ranar, da zarar na ga kan ya fara bajewa sai in goge shi da magagari. Na biyu weji ya faɗa cikin tsagar na kai hannu zan ɗauko, ƙanena ya riƙe ni, rabin dutsen nan yana iya komowa ya haɗe, sai da muka cusa katako a tsakani tukuna.

Sauran ya zo da sauƙi, sai dai na gane kullum a tsakiya ake rabawa, da na gwada yanko ɗan siriri daga gefe tsagar ta gudu ta fita ta ɓangaren da ba kauri. Da gutsattsarin suka yi ƙanana babbar gudumar nan ta fara amfani, ka ɗora shi kan wani dutse ƙarƙashinsa da sarari ka bugi layi ɗaya sau uku huɗu ya rabe. Kwana tara aikin ya ci, da baro muka kwashe. Akwai guntu ɗaya a can ƙasa da na auna na ga bututun zai wuce ta samansa da tazarar kusan taki guda, shi na zuba masa yashi na bar shi a wajen.